Babi na Biyar: Iskar da Ta Zama Dutse

Wanda duk ya taɓa fita daga birnin Sakkwato ya nufi Kalambaina, inda tun cikin shekarun 1960 ake fasa dutse ana toya shi don yin siminti, in dai Allah ya yi shi mai lura, da wuya ya rasa ganin wani abin al'ajabi a jikin farin dutsen da ake haƙowa a wurin, watau ƙumba da katantanwa da ɓawon waɗansu halittun ruwa da ba mu da sunansu a Hausa, duk sun sandare sun zama dutse, alhali kuwa tsakanin wurin da bakin teku mafi kusa akwai nisan da ya wuce kilomita 700. Masana tarihin duwatsu, bayan sun auna wannan dutse sun gwada shi da ɗan'uwansa na Malbaza a ƙasar Nijar, sun tabbatar da cewa shekara miliyan 55 zuwa 60 da suka shige, filin nan da a yau ake noman gero da albasa a cikinsa yana ƙarƙashin wani teku ne marar zurfi, mai ɗumi, wanda ya malalo daga arewa ya ratsa inda Sahara take yanzu. Tun kafin wannan lokaci ma ruwan ya sha zuwa yana komawa, har akwai wata ƙatuwar dabbar teku, mai siffa tsakanin kada da damo, da aka tono ƙasusuwanta a ƙasar Goronyo, masana suka raɗa mata suna Goronyosaurus, sunan garin ya shiga littattafan wannan fanni a duniya ke nan.

Cewa tudu yakan koma teku, teku kuma ya koma tudu, malaman Musulunci na farko sun riga sun hararo shi. Abu Raihan al-Biruni, wanda ya yi zamani a ƙarni na 11, ya dubi tsakuwar da ake tonowa a filayen Indiya, ya ga manya ce kusa da duwatsu, tana ta ƙanƙancewa har ta zama rairayi a kusa da bakin teku, sai ya yi ƙiyasin cewa ƙasar nan dā teku ce, koguna ne suka cike ta da laka sannu a hankali. Ibn Sina ma, a cikin Kitab al-Shifa, ya yi magana a kan yadda duwatsu ke samuwa da yadda ake tarar da alamun halittun ruwa a cikinsu. Abin da bai samu gare su ba, don kayan awonsa ba su zo ba tukuna, shi ne sanin abin da aka gina dutsen da shi. Wannan sai cikin shekarun 1750, sa'ad da wani likita a Sikotland, Joseph Black, ya toya irin wannan dutse a kan mizani, ya ga nauyinsa ya ragu ƙwarai ba tare da wani ɓarɓashi ya zube ba, ya gane ashe wata iska ce da take ɗaure a ciki ta kuɓuce. In aka toya kilo 100 na tsantsar dutsen nan, kilo 56 ne ke saura a murhu, kilo 44 kuwa ya tashi sama. Ashe kusan rabin dutsen Kalambaina iska ce daskararriya, irin wadda a yau ake kira iskar kabon.

Shi kabon ba baƙo ba ne gare mu, sunansa ne kawai baƙo. Gawayin da maƙeri ke hura wa zugazugi kusan tsantsarsa ne, kuma shi ne ginshiƙin itace da tuwo da nama da auduga da man fetur, har da jikin mai karanta wannan littafi. In ya haɗu da oksijin, ko ta hanyar ƙuna ko ta numfashi ko ta ruɓewa, sai ya zama iska marar launi marar wari, ya shiga cikin mayafin iskar da ya lulluɓe duniya. Rabonsa a wannan mayafi ƙanƙane ne har abin ya kusa zama abin dariya, gama naitirojin ya kwashe kashi 78 cikin 100, oksijin ya ɗauki 21, iskar kabon kuwa misalinta kamar ƙwaya huɗu ce cikin ƙwayar gero 10,000. Amma ƙwaya huɗun nan suna da wata hasiya da manyan biyun ba su da ita: suna barin hasken rana ya wuce ya taɓa ƙasa, sa'an nan in ƙasa ta ɗumama za ta mayar da zafin sama, sai su tare wani sashe nasa su komo da shi. Joseph Fourier na Faransa ya fara hango al'amarin a 1824, John Tyndall ya gwada shi a ɗakin bincike a Landan a 1859, Svante Arrhenius na Suwidin kuma ya zauna ya yi hisabinsa da alƙalami a 1896. Ba don wannan bargo ba, da matsakaicin zafin bayan ƙasa ya tsaya wajen digiri 18 ƙasa da daskarewar ruwa, maimakon digiri 15 sama da ita da muke da shi.

Mutumin ƙasar Hausa ya san ɗanɗanon wannan a jikinsa ko bai san sunansa ba, domin a daren hunturu, lokacin da iska ta bushe ƙayau, zafin da ƙasa ta sha da rana yakan gudu tun kafin tsakar dare har a nemi jin wuta, amma a daren da hadari ya taso bai zubar ba, sai gumi ya hana barci. Tururin ruwa ne ke wannan aiki, kuma a gaskiya ya fi kabon tare zafi. Sai dai tururi ba ya daɗewa a sama, kwana tara ko goma ya zubo, yawansa kuma yana bin zafin da ya tarar ne, in an yi ɗumi ya ƙaru, in an yi sanyi ya ragu. Kabon kuwa in ya hau yakan zauna. Saboda haka a wannan sahu kabon ne limami, tururi mamu ne, ko da ya fi limamin ƙiba.

Kabon yana da tafiya iri biyu, gajera da doguwa. Gajerar ita ce wadda ake koya wa yara a makaranta: tsiro ya shaƙi iskar ta ganyensa ya gina kara da zangarniya da taimakon hasken rana, dabba ko mutum ya ci, ya numfasa, ko karan ya ruɓe, ko a ƙone shi a sassabe, kabon ya koma inda ya fito. Charles Keeling, wanda ya fara awon iskar a kan dutsen Mauna Loa na tsibirin Hawai a 1958, ya ga ma'auninsa yana sauka daga watan Mayu zuwa wajen Satumba, lokacin da dazuzzukan arewacin duniya ke tofo, ya sake hawa in ganye ya kaɗe, kamar dai duniya tana jan numfashi sau ɗaya a shekara. Wannan mu'amala ce ta bashin da ake biya da kaka, abin da aka ara shi ake mayarwa, don haka ba ita ce ke yanke hukuncin zafin duniya a tsawon zamani ba. Mai yanke wannan hukunci ita ce doguwar tafiya, wadda ta bi ta cikin dutse, kuma a kanta ne nake so mai karatu ya yi haƙuri mu ɗan daɗe.

A ɗauki ɗigon ruwan sama guda da ya faɗo a kan dutsen Kwatarkwashi cikin watan Agusta. A hanyarsa ta saukowa ya riga ya narkar da 'yar iskar kabon a cikinsa, ya zama mai ɗan tsami, tsamin da harshe ba zai ji ba amma dutse yana ji. In ya gangara cikin ƙasa kuma, inda saiwoyi da ƙananan halittu ke numfashi, tsamin ya daɗa ƙarfi. Da wannan tsami yake lasar dutse, yana kwance ƙullin ma'adinan da ke ciki, yana fizgar kalsiyam da waɗansu gishiri-gishiri, ya bar yumɓu da rairayi a baya. Daga nan ya shiga gulbin Sakkwato, ya haɗu da Rima, Rima ta miƙa shi ga Kwara, Kwara ta kai shi teku, ɗauke da kalsiyam a hannu ɗaya da kabon a ɗaya hannun. A cikin teku akwai ma'aikata da ba su ƙidayuwa, daga murjani da ƙumba har zuwa waɗansu 'yan mitsi-mitsin halittu da sai da madubin ƙara girma ake ganinsu, waɗanda sana'arsu ita ce haɗa kalsiyam da kabon su gina wa kansu ɓawo. In sun mutu ɓawon ya nutse, ya kwanta bisa na iyaye da kakanni, shekara dubu bisa shekara dubu, har nauyi ya danne shi ya zama farin dutse. Da yayyafi kogi kan cika, in ji Hausawa, kuma da irin wannan yayyafi aka tara kabon a cikin duwatsun duniya har ya ninka wanda ke cikin iska fiye da sau 50,000, teku kansa kuma yana riƙe da wanda ya ninka na iska sau 40 da ɗoriya.

Da a ce hanyar shiga ce kaɗai ba ta fita, da tuni duwatsu sun shanye iskar ƙaf, duniya ta daskare. To, akwai ƙofar fita. Ɓawon ƙasa da muke takawa a tsattsage yake kamar sakaina, manyan faifansa suna tafiya santimita kaɗan a shekara, misalin saurin da farce ke tsiro, kuma inda biyu suka yi karo, ɗaya yakan kutsa ƙarƙashin ɗaya, ya nutsa cikin zurfin ƙasa da farin dutsen da ke bayansa. Can a ciki zafi ya toya shi kamar yadda murhun siminti ke yi, iskar ta saku, ta nemi hanya ta fito ta bakin duwatsu masu aman wuta da maɓuɓɓugai masu zafi. Wanda yake shakkar cewa cikin ƙasa yana fitar da wannan iska, ya tuna da tafkin Nyos a arewa maso yammacin Kamaru, wanda ke zaune a bakin wani tsohon dutse mai aman wuta: a daren 21 ga Agusta 1986 iskar kabon da ta taru a ƙasan ruwan ta yunƙuro gaba ɗaya, ta gangara cikin kwarurruka don ta fi iskar numfashi nauyi, ta halaka mutum wajen 1,700 da dubban shanu, da yawa daga cikinsu a cikin barci. Allah ya ji ƙan Musulmin cikinsu. Zagaye guda na wannan tafiya, daga gajimare zuwa dutse zuwa teku zuwa cikin ƙasa zuwa sama kuma, yana iya cin shekara miliyan 100 ko fiye.

Hikimar da ke cikin wannan tsari ba ta bayyana sosai ba sai da wata mas'ala ta ɗaure wa malaman falaki kai. Hisabinsu ya nuna cewa rana, sa'ad da aka halicci duniya shekara miliyan 4,500 da suka wuce, haskenta bai kai na yau ba da kusan kashi 30 cikin 100, tun daga nan kuma take ta ƙara ƙarfi kaɗan kaɗan. Carl Sagan da George Mullen suka yi tambaya a 1972: in haka ne, me ya hana tekunan farko daskarewa, alhali ga duwatsu a Girinlan masu shekara miliyan 3,800 da ke shaida cewa a cikin ruwa mai gudana aka shimfiɗa su? In kuwa aka ce bargon ne ya fi kauri a wancan zamani, to wane ne ya riƙa rage shi daidai gwargwadon yadda rana ke ƙara zafi, har tsawon wannan dahari duka teku bai taɓa tafasa ya ƙafe ba? Amsar da ta fi karɓuwa ita ce wadda James Walker da Paul Hays da James Kasting suka bayar a 1981, kuma sauƙinta shi ne kyanta. Lasar da ruwa ke yi wa dutse tana sauri in an yi zafi, gama zafi na ƙara ruwan sama kuma yana gaggauta narkewa. Saboda haka in duniya ta yi zafi fiye da kima, duwatsu sukan shanye kabon da sauri, bargo ya yi shara-shara, a sami sanyi. In kuwa sanyi ya yi yawa, ruwan sama ya ragu, lasar ta yi rauni, amma duwatsu masu aman wuta ba ruwansu da sanyi ko zafi, suna ci gaba da fitar da nasu, har iskar ta sake taruwa a sami ɗumi. Mizani ne da ke gyara kansa, in kafaɗa ɗaya ta yi nauyi sai nauyin kansa ya zama sanadin rage ta. Har yanzu masana suna jayayya a kan ƙarfinsa da kuma rabon da tsirrai da ƙasan teku ke da shi a ciki, amma kaɗan ne ke musun samuwarsa.

Hujja mafi ƙarfi a ganina tana sama, ana ganinta da ido. Tauraron nan da muke kira Gamzaki in ya fito da asuba, Zara kuma in ya tsaya kusa da wata da magariba, wanda malaman hisabi ke kira Zuhura, wata duniya ce da girmanta ya yi kusan daidai da namu, kuma kabon da ke cikin iskarta ya yi kusa da wanda muke da shi a nan in aka haɗa da na duwatsu. Bambancin shi ne namu yana ɗaure, nata yana sake. Kusancinta da rana ya sa ruwanta ya zama tururi ya hau sama, hasken rana ya farfasa shi ya watse, kuma da ruwa ya ƙare, hanyar mayar da iska cikin dutse ta toshe, duwatsu masu aman wuta suka yi ta zubawa ba mai kwashewa. A yau kashi 96 cikin 100 na iskarta kabon ne, nauyin iskar ya ninka namu sau 90 da 'yan kai, zafin bayanta kuwa ya kai digiri 460, inda darma za ta narke ta kwarara. Na'urar Tarayyar Sobiyat da ta fi daɗewa a can, Venera 13 a 1982, sa'a biyu da 'yan mintoci ta yi ta mutu. Mirrihu, jan tauraron, tasa illar kishiyar wannan ce: ƙarami ne, faɗinsa rabin na duniya, cikinsa ya huce da wuri, iskarsa ta tsere har abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin 100 na nauyin tamu ba, ga busassun hanyoyin koguna da gindin tafkuna nan motocin bincike suna yawo a ciki, ba ɗigon ruwa mai gudana.

Kada mai karatu ya ɗauka tamu duniyar ta yi zamanta lafiya lau ba tangarɗa. Iskar farko ba ta da oksijin da za a ambata. Waɗansu ƙananan halittu ne, dangin gansakukar da ke rufe kududdufi, suka fara sana'ar fasa ruwa da hasken rana suna zubar da oksijin a matsayin shara, kuma shekaru masu yawa wannan shara tana ƙarewa ne wajen sa ƙarfen da ke narke cikin teku ya yi tsatsa ya kwanta, wanda shi ne asalin jajayen duwatsun tama na yammacin Ostireliya da ake haƙa a yau. Sai wajen shekara miliyan 2,400 da suka wuce ya fara taruwa a iska. A nan akwai wata daƙiƙar magana da ta cancanci tadabburi: in tsiro ya ruɓe gaba ɗaya, yakan cinye duk oksijin da ya taɓa fitarwa, ba riba ba hasara. Oksijin yana saura a iska ne kawai in wani sashe na gawar tsiron ya binnu cikin laka bai ruɓe ba. Watau numfashin da muke ja a yau ribar kabon ne da aka binne, wanda wani ɗan kaɗan daga cikinsa ya zama kwal da fetur.

Mafi tsananin jarrabawar da mizanin ya gamu da ita ta zo ne tsakanin shekara miliyan 720 da 635 da suka shige, sa'ad da sau biyu ƙanƙara ta sauko daga ƙuryoyin duniya har ta iso yankunan tsakiya masu zafi, kuma da yake fari yana mayar da hasken rana, kowane taƙi da ƙanƙarar ta ci sai ya ƙara mata ƙarfin cin na gaba. A bisa zahiri wannan tarko ne da ba shi da mafita. Amma Paul Hoffman da abokan aikinsa, da suka bi duwatsun Namibiya suka bayyana sakamakonsu a 1998, sun tarar da wani abu mai ban mamaki: kai tsaye a bisa tarkacen da ƙanƙara ta bari, ba tazara, akwai shimfiɗar farin dutse irin wanda ke samuwa a ruwa mai ɗumi. Tafsirinsa shi ne, yayin da ƙanƙara ta rufe ƙasa, lasar duwatsu ta kusa tsayawa cik, duwatsu masu aman wuta kuwa suka yi ta huci shekara miliyoyi, har bargo ya yi kaurin da ya rinjayi farin ƙanƙara, ta narke, duniya ta faɗa cikin matsanancin zafi, ruwan sama mai tsami ya yi ta dukan niƙaƙƙen dutse yana kwashe rarar kabon yana zubawa a teku. Mizanin ya yi aikinsa. Sai dai a lura da abin da ya ci kafin ya gama, miliyoyin shekaru.

Akwai wani reshe na wannan labari da ya shigo har cikin rumbunmu. Shekara miliyan 50 da suka wuce iskar kabon ta ninka ta yau fiye da sau biyu, babu tudun ƙanƙara a kudu ko arewa, har kadoji suna zaune a tsibirin Ellesmere a can ƙuryar arewacin Kanada. A wajen wannan lokaci ne ƙasar Indiya, wadda ta daɗe tana tafiya arewa, ta yi karo da Asiya, duwatsun Himalaya suka tashi, har ƙolin Everest kansa farin dutsen teku ne mai ɗauke da ɓawon halittun ruwa. Maureen Raymo da William Ruddiman sun kawo ra'ayin cewa wannan sabon dutse da aka tura sama, ruwan damina mai ƙarfi yana dukansa, shi ya yi ta shanye kabon. Waɗansu kuma suna ganin raguwar aman duwatsu ta fi tasiri. Ko ma dai wane ne sababin, iskar ta yi ta raguwa, ƙanƙara ta kama Antaktika shekara miliyan 34 da suka wuce, tsirrai kuma suka shiga ƙuncin abinci. Cikin wannan ƙunci waɗansu ciyayi suka samu wata dabara ta tattara 'yar iskar da ta samu su matse ta a cikin ganye kafin su yi aiki da ita, abin da ya ba su damar tsuke ƙofofin ganyensu, su rage hasarar ruwa a rana mai ƙuna. Daga zuriyar waɗannan ciyayi gero ya fito, da dawa, da acca, da rake, da masara, da gambar da ake zana da ita. Shinkafa da alkama da wake da gyaɗa suna kan tsohuwar hanya. Juriyar da manomin Damagaram ke yaba wa geronsa da ita, gadon wancan zamani ne na ƙarancin kabon.

Yanzu sai mu zo ga namu zamani, wanda ba zan tsawaita a kansa ba don yana da babinsa. Ƙanƙarar da aka haƙo daga zurfin Antaktika tana ɗauke da 'yan kumfar iska na shekara 800,000, kuma a duk tsawon wannan lokaci iskar kabon tana kai da komo ne tsakanin kashi 180 da 300 cikin miliyan. Kafin injuna su fara cin kwal a Ingila tana wajen 280. Keeling ya same ta 315 a 1958. A yau ta wuce 420. Abin da 'yan Adam ke fitarwa a shekara daga kwal da fetur da gas da siminti ya haura tan biliyan 35, watau kusan ninki 100 na abin da dukan duwatsu masu aman wuta na duniya ke fitarwa. Adalci ya wajabta a faɗi cewa rabon Afirka duka a wannan bai wuce kashi huɗu cikin 100 ba, kuma matar da ke hura itace a murhu tana cikin gajerar tafiya ne, muddin ana barin wani itacen ya tsiro a madadin wanda aka sare. Mai ƙona kwal da mai toya farin dutse su ne suka fasa rumbun doguwar tafiya, cikin ƙarni biyu suna fitar da abin da aka yi miliyoyin shekaru ana tarawa.

Nakan ji waɗansu masu ilmi, har da waɗanda nake girmamawa, suna cewa tun da duniya ta taɓa yin zafin da ya fi wannan ta kuma warke, to babu abin damuwa, ita za ta gyara kanta. Muƙaddimar maganarsu gaskiya ce, natijar da suka ciro ce ɓatacciya, kuma dutse ne ya ƙaryata ta. Shekara miliyan 56 da suka wuce, dab da zamanin da tekun Kalambaina ke shimfiɗa ɓawonsa, wani tarin kabon mai yawa ya fita cikin iska a tsawon 'yan dubban shekaru, zafin duniya ya ƙaru da digiri biyar ko fiye, teku ya yi tsami har farar lakar ƙasansa ta narke, ta bar wani jan layi na yumɓu da masu haƙa ƙasan Tekun Atlantika suke tararwa har yau. Duniya ta warke, ba shakka, ta hanyar nan da muka bayyana, ɗigo bisa ɗigo a kan dutse, amma sai da ta ɗauki shekara 150,000 zuwa 200,000. Saurin da muke fitar da kabon a yau kuwa, bisa ƙiyasin waɗanda suka auna lakar wancan zamani, ya ninka na lokacin kusan sau goma. Teku da dazuzzuka suna karɓe kusan rabin abin da muke fitarwa, teku zai ci gaba da karɓa cikin ƙarnuka masu zuwa, amma akwai wani saura da babu mai ɗauke shi sai lasar dutse, kuma wannan saura zai kai shekara dubu goma-goma yana sama. Don mai karatu ya sami abin gwadawa, kwalekwalen nan da aka gano a Dufuna ta jihar Yobe a 1987, wanda ya girmi dalar Masar, ya girmi Daura da Kano da duk wata sarauta da muka san sunanta, shekararsa wajen 8,000 ce kawai.